Kafin Mota Mai Caji Ta Shigo Gida, A Auna Ƙarfin Akwatin Wuta

A wannan wata za mu tsaya ne a kan wani abu da duk gida mai wutar lantarki yake da shi, amma ba kowa ke waiwayarsa ba sai ranar da ya yi ƙauri, wato akwatin nan da ke manne a bango kusa da mita, inda wuta ke shigowa ta rarrabu zuwa ɗakuna. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, 'yan'uwa da dama a Nima da Madina da Ashaiman da zangunan Kumasi da Tamale sun soma tambaya game da motoci da babura masu aiki da batir, waɗanda ake yi wa caji a gida kamar wayar hannu. Wani ɗansa ne da ke Amurka ya yi alkawarin aiko masa da mota, wani kuwa tsadar fetur ce ta kai shi bango. Ita ma gwamnatin Gana ta ƙaddamar da manufarta game da irin waɗannan motoci a watan Disamba na 2023, wajen taron sauyin yanayi na Dubai. Saboda haka abin yana tafe, kuma gara ya iske mu a shirye.

Yawancin gidajenmu na zango an ja musu waya ne tun lokacin da kayan wutar gida ba su wuce ƙwai huɗu ko biyar da rediyo da fanka ɗaya ba. Daga baya firji ya shigo, talabijin ta biyo baya, uwargida ta sayi firiza don sana'ar ƙanƙara da soɓo, aka kafa injin jan ruwa, yaro ya dawo daga tafiya ya sa iyakwandishan a ɗakinsa. Duk wannan kaya a kan wayar nan ta tun fil azal aka ɗora shi, ba wanda ya tsaya ya yi lissafi. To, ita mota mai caji ba ƙaramin baƙo ba ce, domin ita kaɗai tana iya jan wutar da ta fi ta sauran gidan baki ɗaya.

Kafin mu shiga lissafi, sai mun san ma'aunai uku. Na farko shi ne bolt, wato ƙarfin turin wutar, kamar ƙarfin da ke ingiza ruwa cikin bututu. A nan Gana bolt 230 ke shigowa gidaje. Na biyu shi ne amfiya, wato yawan wutar da ke gudu cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bin bututun. Na uku shi ne wat, wato yawan wutar da kowace na'ura ke ci in tana aiki, kuma wat dubu shi ne kilowat ɗaya. Dangantakarsu mai sauƙi ce. In aka raba wat da bolt, sai a sami amfiya. Alal misali, butar lantarki mai wat 2,000, in aka raba da 230, tana jan amfiya tara saura kaɗan. Wanda ba ya son dogon lissafi sai ya riƙe cewa kowane wat dubu yana jan amfiya huɗu da 'yan kai. Shi kuwa yunit da muke saye a mita, kilowat ɗaya ne da ya yi aiki na awa ɗaya.

Wuta kan ratsa ƙofofi uku kafin ta kai ɗaki. Akwai wayar da ta sauko daga falwaya tare da fis ɗin kamfani, akwai mita, sa'an nan akwai babbar bireka da ke cikin akwati, wato makunnin nan mai faɗuwa da kansa in kaya ya yi yawa. Kowace ƙofa da iyakarta a rubuce. A fuskar mita za a ga lamba irin 5(60)A ko 5(80)A, to lambar da ke cikin baka ita ce iyakar amfiyar da mitar za ta ɗauka. Ita ma bireka da tata lambar a goshi, kamar 32 ko 40 ko 63. Wadda ta fi ƙanƙanta cikin ukun, ita ce ainihin ƙarfin gidan. Ko da an sayo akwati mai ɗaukar amfiya 100, in dai wayar da ta shigo daga titi ta amfiya 40 ce, to gidan na amfiya 40 ne.

Yanzu mu ɗauki misalin gida matsakaici mai ƙarfin amfiya 60. A ce akwai ƙwai 20 na zamani masu wat 10, wat 200 ke nan. Fanka 6 masu wat 70, wat 420. Talabijin biyu, wat 200. Firji da firiza, wat 500. Iyakwandishan biyu masu wat 1,300, wat 2,600. Dutsen guga wat 1,200, buta wat 2,000, hitar ruwan wanka wat 2,000, injin jan ruwa wat 750. Jimla wat 9,870, wanda in aka raba da 230 zai ba da amfiya 43. Waɗannan lambobi na misali ne, kowa ya duba bayan na'urarsa, akwai ɗan allo ko takarda da aka rubuta wat ɗinta a kai. A kuma tuna cewa duk abin da ke da inji a ciki, kamar firji da iyakwandishan da injin ruwa, yakan fizgi ninkin wutarsa sau da yawa a daidai lokacin tashi, shi ya sa ƙwai ke lumshewa in firiza ta kama.

Sanin kowa ne ba a kunna duk kayan gida a lokaci ɗaya, kuma masu aikin wuta suna la'akari da haka in suna lissafi. Abin da ya kamata a nema shi ne lokacin da gida ya fi cin wuta, wanda a wajenmu yakan kasance daga faɗuwar rana zuwa wajen ƙarfe goma na dare. A gidan misalinmu, in ƙwayaye da fankoki da talabijin da firji da firiza da iyakwandishan biyu suna aiki, ga hita tana dafa ruwa, an tashi wat 5,920, wato amfiya 26. Saura amfiya 34 ke nan, gida yana cikin walwala.

To, sai ga mota. Cajar gida iri uku ce aka fi sani a kan layi ɗaya. Akwai ƙarama da ake sokawa a soket, mai jan amfiya 10, wato kilowat 2.3. Akwai matsakaiciya mai amfiya 16, kilowat 3.7. Akwai kuma babba ta manne a bango mai amfiya 32, kilowat 7.4. In maigida ya dawo da magariba ya jona babbar, amfiya 26 ta koma 58, saura biyu kacal a cika 60. Da zarar wani ya kunna buta don shan shayi, an kai 67, an tsallake iyaka. In an yi sa'a bireka ta faɗi, gida ya yi duhu, a yi tsaki a tashi a ɗaga ta. In ba a yi sa'a ba, bireka ta fi ƙarfin waya, sai wayar ta riƙa ɗaukar zafi a ɓoye cikin silin.

A nan ne mota ta bambanta da sauran kaya. Buta minti biyar take yi ta mutu, dutsen guga yana kamawa yana saki, firji ma yana hutawa. Ita caja kuwa in ta kama, awa biyar ko takwas za ta yi tana jan wutarta cur ba sassauci, galibi da dare, mutane na barci. Zafin da waya ke yi kuma ba daidai da wutar yake ƙaruwa ba, in wuta ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. Saboda wannan dalili ne dokar aikin wuta ta Amurka ta ce duk kayan da zai yi awa uku ko fiye yana aiki, a ƙara masa kashi 25 cikin 100 wajen zaɓen waya da bireka, wato caja mai amfiya 32 sai a ba ta layin amfiya 40. A Ingila ma, wadda muka gaji tsarin soket ɗinmu daga gare ta, ba a yi wa cajar mota ragi a lissafi sai in an sa na'urar da ke taƙaita ta. Mu da ke ƙasar zafi mun fi su bukatar wannan hattara, domin ma'aunin da ake bugawa na ƙarfin waya yawanci a kan zafin digiri 30 aka gina shi, alhali ƙarƙashin kwano a Tamale cikin watan Maris ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, ashe ke nan sai mai kuɗin sake wayar gida duka zai hau motar? Ko kaɗan. Tambayar da ta kamata mutum ya fara yi wa kansa ita ce, kilomita nawa nake yi a rana? Ƙaramar mota mai batir takan ci yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Mai zuwa Tema daga Nima ya dawo, wajen kilomita 60 ya yi, abin da zai mayar wa batir bai wuce yunit 12 ba. Ƙaramar caja mai amfiya 10 za ta biya wannan cikin awa biyar zuwa shida, matsakaiciya kuwa cikin awa uku zuwa huɗu. Hausawa sun ce abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. Mota tana kwana a gida awa takwas ko goma, gaggawar me ake yi? A gidan misalinmu, matsakaiciyar caja za ta kai jimla amfiya 42, ko an kunna buta ba za a wuce 51 ba. Babbar caja ta mai doguwar tafiya ce kullum, kamar ɗan tasi ko mai zirga-zirga tsakanin Akra da Kumasi, tafiyar wajen kilomita 250.

Ban da rage girman caja, akwai wasu dabaru biyu. Ta farko, yawancin motocin nan da cajojinsu suna da agogo a ciki, ana iya saita su kada su fara sai ƙarfe goma sha ɗaya ko sha biyun dare, lokacin da hita da buta da talabijin suka kwanta. Ta biyu, akwai caja mai ɗan maƙalli da ake ɗaurawa a babbar wayar gida, yana auna abin da gida ke ci. In uwargida ta kunna hita, caja ta rage jan wuta da kanta, in an kashe, ta koma yadda take. Wanda duk wannan bai ishe shi ba, sai ya nemi kamfani ya ba shi layi uku mai bolt 400, ECG a kudu, NEDCo a arewa. A kan layi uku, caja mai kilowat 11 amfiya 16 kawai take ja a kowane layi. Amma kafin a kashe wannan kuɗi a bincika motar, domin kowace mota tana da iyakar abin da take karɓa. Tsohon samfurin Nissan Leaf, alal misali, layi ɗaya take sha, kuma ba ta wuce kilowat 6.6 a cajin gida, ko da an kafa mata caja mai ninkin haka.

Ko wace caja aka zaɓa, a ja mata layinta ita kaɗai tun daga akwati, da birekarta ita kaɗai. A al'adar aiki, waya mai kauri 1.5 ta ƙwayaye ce, mai 2.5 ta soket, caja mai amfiya 32 kuwa ba ta yin ƙasa da 6, in garejin da nisa ma sai 10. Soket ɗinmu mai baki uku amfiya 13 aka rubuta masa, wato wajen wat 3,000, amma tsohon soket da bakinsa ya saki zai yi baƙi ya narke tun bai kai nan ba in aka bar shi yana aiki dare guda. Wayar ƙari irin ta kasuwa da ake ja daga falo zuwa waje kuwa, kada ma a soma. A lura da wayar da za a saya, domin akwai ta jabu wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, shi kuwa alminiyam kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. In aka kankare bakin wayar da wuƙa aka ga fari a ciki, a ajiye ta. Araha dai ba ta ado.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a unguwanninmu, wadda ya kamata mu yi magana a kanta ba kunya. In bireka ta cika faɗuwa, sai a kira yaro ya cire mai 20 ya sa mai 40, ko kuma fis ya ƙone a ɗaure shi da zaren waya, a ce an gyara. Aikin bireka shi ne ta tsare wayar da ke bayanta, faɗuwarta kuma kira take yi cewa kaya ya fi ƙarfin wayar. Wanda ya ƙara girman bireka bai ƙara kaurin waya ba, maigadi ya sallama ya bar ƙofa a buɗe. Haka kuma dole gida ya kasance da wayar ƙasa ta gaskiya, wadda aka ɗaura a sandar ƙarfe aka kafa cikin ƙasa aka kuma auna ta, tare da bireka mai tsare rai mai lamba 30mA, wadda ke yanke wuta nan take in ta soma bi ta jikin mutum. Mota ƙarfe ce, a waje take tsayawa, ga damina, ga yara marasa takalmi suna wasa a gindinta. A gaya wa mai aikin cewa layin na cajar mota ne, domin akwai irin wannan bireka da aka yi musamman saboda ita.

Masu jiran mota daga Amurka, ga taku. Soket ɗin gidajen can bolt 120 ne, kuma igiyar cajin da ke zuwa cikin but ɗin motar sau da yawa ta bolt 120 ce kawai. Ita motar ba ta da matsala da wutarmu, amma igiyar tana iya ƙonewa in aka sa mata 230. A karanta abin da aka rubuta a jikinta, in ba a ga 240 ba, kada a jona ta da ɗan adafta, a sayi wadda ta dace. Bakin cajin ma ba ɗaya ba ne, na Amurka daban, na Turai daban, na motocin da aka yi don kasuwar Sin daban, saboda haka a san motar tukuna kafin a sayi caja.

Sai gidajen haya, inda iyali biyar ko goma ke shan mita ɗaya. A nan babur mai batir da keke mai ƙafa uku za su riga mota shigowa. Cajar babur ɗaya ba ta da nauyi, wat 500 zuwa 1,000 ce, amma in samari takwas suka jona nasu a dare ɗaya, an yi mota guda. Mai cajin yunit 10 kowane dare kuwa ya ci yunit 300 a wata, ga shi kuɗin yunit yana hawa in gida ya tsallake wani mataki. Ba adalci ba ne a raba wannan da tsohuwa mai ƙwai ɗaya da fanka. Tun kafin zumunci ya ɓaci, mai abin hawa ya nemi mitarsa, ko a sa masa ƙaramar mita a layinsa, da sanin mai gidan. Abu mafi muhimmanci, kada a yi cajin batir a zaure ko cikin ɗakin kwana. Batirin nan in ya kama, wutarsa da sauri take tashi, hayaƙinta guba ne, ga shi yawancin gidajenmu ƙofa ɗaya gare su. A keɓe masa wuri mai iska, nesa da katifa da tukunyar gas, kuma a yi amfani da cajar da ta zo da shi.

Gidajen da suka sayi janareto ko inbata tun shekarun dumsor, daga 2012 zuwa 2016, su ma su kula. A sa layin caja ta yadda in an juya gida kan janareto ba zai bi ba, domin ƙaramin janareto ba zai ɗauki mota ba, batirin inbata kuwa cikin ɗan lokaci za ta zuƙe shi.

Daga ƙarshe, aikin nan ba na kowa da kowa ba ne. Dokar jan waya ta Gana ta 2011, mai lamba L.I. 2008, ta ce sai wanda Hukumar Makamashi ta ba takardar shaida zai ja wa gini waya, ta kuma ce a binciki wayar gini in ta shekara goma, a ci gaba da dubawa lokaci lokaci bayan nan. A nemi mai aiki ya nuna katinsa, ba raini ba ne. A kuma sanar da kamfanin wuta kafin a kafa babbar caja, saboda taransifomar unguwa ta kowa ce, in gidaje da yawa suka ɗora mata irin wannan kaya ba da saninsu ba, wutar maƙwabta ce za ta raunana, firjinsu ya lalace.

Abin da muke roƙon kowane maigida ya yi cikin wannan wata, ko yana da niyyar sayen mota ko ba shi da ita, shi ne ya ɗauki takarda da biro ya zaga gidansa, ya rubuta wat ɗin kowace na'ura, ya tara, ya raba da 230, ya kwatanta da lambar mita da ta babbar bireka. Ya duba da ido kawai, kada ya kwance murfin akwati. In ya ga soket ya yi baƙi, ko murfin akwati yana zafi, ko ana jin ƙaurin roba da dare, ya kira ƙwararre tun da sauran rana, daidai ruwa daidai tsaki. A fito na gaba za mu duba yadda ake auna batir da faifan hasken rana ga gida mai firiza.